Mai Duba na Dogon Dutsi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dakta Garba ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bayan asibiti da tablet a hannu, ina ɗaga ta sama ina neman rezo, wato sabis na waya, don in ga ko ya amsa mini saƙon jiya.

Majo ne ya kira, shugaban ɗan asibitinmu, wanda ya tafi taro Dogon Dutsi. Ya ce, "Rakiya, kina tsaye ne ko kina zaune?" Na ce ya faɗi kawai. Ya ce jiya bayan la'asar Dakta ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, bai ƙara magana ba, da asuba rai ya yi halinsa. Bayan azahar za a yi jana'iza.

Na ce "to". Na sake cewa "to". Na zauna a ƙasa da farar rigata.

Yawancinku ba ku san shi ba. Ni kaina sau biyu kawai na taɓa ganin sa ido da ido. Amma muryarsa, wallahi ko a tsakiyar kasuwa na ji ta zan waiwaya.

Ni ungozoma ce a wani ƙauye gaba da Guéchémé. Daga Damagaram aka turo ni. Mijina yana aiki can Agadas, ɗiyata tana wurin mamana, ni ina nan a ɗaki biyu bayan asibiti. In mata suka watse da yamma, sai ni da tankin ruwa da awakin maƙwabta.

Muna da wata ƴar na'urar eko, kanta bai fi sabulun wanki girma ba. Ina shafa wa mace jel a ciki, in ɗora na'urar, hoton abin da ke ciki ya fito a tablet. Sai in hau ɗan tudun da ke bayan asibiti, inda rezo yake kamawa, in tura wa Dakta Garba a Dogon Dutsi. Shi ya karanta hoton, ya aiko mini da saƙon murya: wannan ta haihu nan, wannan a sa mata ido, wannan a kawo ta yau.

Haka muke aiki da shi tun zuwan na'urar.

Kuma yanzu haka akwai hoton wata mata a wayarsa da bai buɗe ba. Zan kira ta Hadiza, ba sunanta ba ne. Cikinta wata takwas, jiya ta ga jini. Zan zo kan maganarta, ku bar ni in ɗan faɗi ko wane ne shi tukuna, don ba ni da wanda zan faɗa wa a nan.

Ranar da ya ji cewa kakata Babarbariya ce, shi ke nan na shiga uku. Shi Ba'are ne, ɗan ƙasar Arewa ta nan, su kuwa abokan wasan Barebari ne, wai ya samu taubashiya. Bai ƙara kiran sunana ba.

"Babarbariya, ina kwana? Ina gajiya? Kin iya kunna na'urar kuwa, ko in aiko miki da Ba'are ya koya miki?"

Ni kuma bakina ba ya shiru. In ce, "Dakta, Ba'aren da ya san hanyar nan ai da ya zo da kansa." Ya yi ta dariya har tari ya kama shi.

Ba ya taɓa fara maganar aiki sai ya gama gaisuwa. Ya tambayi mamana, ya tambayi ɗiyata da sunanta, ya tambayi ko na ci abinci. Wani lokaci raina har ɓaci yake, ga mace kwance tana jira, shi yana tambayar tuwo. Daga baya na lura in hoton na gaggawa ne ba ya gaisuwa ko kaɗan. In na ji ya fara da "ina kwana", to hankalina ya kwanta ke nan.

Kuma ba ya faɗin abin da ya gani sai ya tambaye ni.

"Mi kinka gani? Hwaɗi in ji."

In na ce ban sani ba, ya ce, "A'a, ido biyu gare ki awa ni. Koma ki duba." Haushi nake ji, amma ina komawa.

Shi ya ce in riƙa ɗumama jel a tafin hannuna kafin in shafa wa mace, don kada ta zabura. Shi ya ce in riƙa juya tablet ɗin wajen uwar ta ga ɗanta, ba in tsaya ina kallo ni kaɗai kamar mai ɓoye wani abu ba.

Sallar layya ta bara ni kaɗai na rage a asibiti, kowa ya tafi gida. Ana ta kabbara a gari, ni ina wanke almakashi. Sai ga kiransa, ba hoto, ba aiki. Ya ce ya san Barebari ba su iya suya ba, shi ya sa ya kira ya yi mini jaje. Muka yi hira har na manta ban sa sabon kaya ba.

Akwai lokacin da jel ya ƙare, ya aiko mini da shi a motar kasuwa. Na buɗe leda sai ga alkaki a ƙarƙashin kwalaben. Wai ya ga wata ƴar Damagaram tana sayarwa a tasha. Bai kai na gida daɗi ba, ya ma ɗan bushe. Na cinye shi ina hawaye.

To, ga abin da ya sa na taɓa ganin sa a ƙauyen nan.

Muna da wata tsohuwa mai taya ni karɓar haihuwa, Inna Kande. Mace ce mai kirki, amma in kana so labari ya zaga gari kafin rana ta take, ka faɗa mata. Da na'urar ta zo, na ce ta sanar da mata su riƙa zuwa a duba su. Ita kuwa ta je wurin wani suna ta yi shela da nata salon.

Ta ce, "An samo muna mai duba a Dutsi. Bai ganin ki, bai taɓa ki, bai san gidanku ba, amma shina hwaɗin yadda ɗa ya kwanta cikinki."

Ku da kuka san ƙasar nan kun riga kun gane. Mu a asibiti in mun ce duba, gwajin jiki muke nufi. A nan kuwa mai duba shi ne mai zana ƙasa, mai faɗin abin da ke ɓoye. Kuma a gaskiya yadda Inna Kande ta kwatanta, ko ni na ji haka boka zan ɗauka.

Washegari na fito na tarar da tsofaffi cike da baranda, babu mai ciki ko ɗaya. Wata da goro a ƙulle, wata da farin zakara a hammata. Wata saniyarta ce ta ɓace. Wata tana so a duba mata ko aljana doguwa ce ta taɓa jikarta. Na yi ta bayani har muryata ta dishe, suna ta gyaɗa kai suna cewa, "I, mun gane, ɗiyata. Ki dai miƙa mishi."

Na kira shi a fusace na ce, "Dakta, ka zama boka fa!" Ya yi dariya har na ji yana buga tebur. Ya ce zakaran a aiko masa da shi a motar Laraba.

Amma akwai wata tsohuwa da ta ƙi tafiya bayan kowa ya watse. Ɗanta ya tafi ci-rani bakin teku, shekaru ba labari. Ta zo da tsohuwar hularsa, ta ce in ɗora na'urar a kanta, a tambayi mai duba ko yana da rai.

Da na faɗa masa wannan bai yi dariya ba. Ya ce, "Ki ce mata ban iya wanga ba, Allah ɗai Ya sani. Amma kar ki sallame ta haka nan. Ki auna mata jini, ki zamna da ita kaɗan."

Har yau tana zuwa awon jini, kuma jininta lafiya lau.

Tsofaffi ba su ne matsalar ba. Matsalar samarin gari ce, masu zuwa wa'azi a sabon masallaci. Da suka ji kalmar duba, sai suka hana matansu zuwa. Cikinsu har da mijin Hadiza, Nasiru, mai shagon kayan masarufi a bakin kasuwa. Ba mugu ba ne, kar ku ɗauka haka. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma in ya kafe ya kafe.

Hadiza ta taɓa yin ɓari da zubar jini mai yawa kafin wannan cikin, shi ya sa na damu da ita. Na je shagonsa da kaina. Ya ce, "Madam, ba a kai iyalina wurin mai duba. Shirka ce."

Na ce ba duba ba ne, eko ne. Ya ce ko wane suna aka sa masa, mutum yana Dutsi yana faɗin abin da ke cikin mahaifa, wannan ai gaibu ne. Na ce to hoto ne kawai muke turawa. Kai, ashe na ƙara ɓata lamarin! Ya miƙe tsaye ya ce, "Hoton matata za ki tura wa wani ƙato?"

Na dawo ina huci, na zazzage wa Dakta komai a saƙon murya. Har na ce ni na gaji da mutanen Arewa, a mayar da ni gida. Bai amsa mini da wasa ba ranar. Ya ce kawai, "Yaushe kasuwarku ke ci?"

Farkon damina ne. Ranar kasuwa ina cikin awon ciki sai Inna Kande ta leƙo ta ce wani tsoho yana sallama. Na fito na ga wani ɗan gajeren mutum ya sauko daga motar kasuwa, rigarsa duk garin rogo daga buhunan da ya zauna a kai. Tun wani horo da aka yi mana a Dosso ban sake ganin sa ba, na ma manta gajere ne haka. Sai da ya ce, "Babarbariya, ba a ba baƙo ruwa garinku?" sannan na gane shi.

Ya yi azahar a masallacin su Nasiru, sahu ɗaya da su. Da aka idar ya bi Nasiru shago, ya aiko a ce in kawo na'ura.

Na iso na tarar yana zaune a kan benci yana cewa, "An ce kai ne ba ka son bokan Dutsi. To ga ni, na kawo kaina." Mutane suka yi dariya, Nasiru bai yi ba.

Dakta bai yi musu da shi ba, bai ja masa aya ba. Ya ce ya kwanta a bencin ya ɗaga riga. Na miƙa na'urar na koma gefe, tunda maza ne. Ya shafa masa jel a ƙirji, ya ɗora, ya juya masa tablet.

Sai ga abu yana buɗewa yana rufewa.

Ya ce, "Ga zuciyarka nan tana aiki. Abin da Allah Ya aje cikin jiki nika gani, awa mai leƙa rumbu da fitila. Amma ko tana so na ko tana ƙi na, wanga ban gani nan. Gobe ma ban gani."

Nasiru ya daɗe yana kallo. Na ji yana cewa subhanallah a hankali. Maza suka yi cincirindo, kowa yana so a nuna masa tasa, har mai nama ya bar teburinsa ya zo.

Da Nasiru ya tashi zaune ya ce, "To hoton fa, Baba?"

Dakta ya nuna masa irin hoton da muke turawa, baƙi da toka-toka, ba fuska, ba fata. Ya ce, "In ka gane wace mata ce wagga, na ba ka hulata."

A nan ne Nasiru ya yi murmushi. Ya yarda, amma da sharaɗi. Mace ce za ta ɗora na'urar, wato ni. Kuma tsohon nan kaɗai zai karanta, maganarsa kaɗai zai bi, ba ta wani ba. Dakta ya ce ya ji.

Na raka shi mota da yamma. Na so in yi masa godiya mai tsawo, ya katse ni. Ya ce, "Kin rame. Ki riƙa ɗora tukunya ko ke ɗai ce." Mota ta tashi, yana riƙe da hularsa don kada iska ta ɗauke ta.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Jiya da hantsi Hadiza ta zo. Ta ce ta ga jini, ba ciwo, ba naƙuda, kuma ya tsaya. Na ɗora na'ura, na ga abin da nake tsoro. Mabiyiya, wato uwar nan da ke biyo jariri bayan haihuwa, ta sauko ta zauna daidai bakin hanyar da ɗa zai fito. Tun awon farko Dakta ya ce tana ƙasa, a sa ido, wataƙila ta hau. Ba ta hau ba.

Irin wannan ba a jiran naƙuda a ƙauye. In jinin ya dawo da ƙarfi, ba ni da jinin da zan ƙara mata, ba ni da ɗakin fiɗa.

Na tura masa hoton, na faɗi abin da na gani tun kafin ya tambaya. Shiru. Na yi wa Nasiru magana, ya ce mu jira tsoho, ai jinin ya tsaya. Na hau tudu na sauka, na hau na sauka, ina zagin rezo. Da yamma har na aika masa da cewa, "Dakta, ina jira fa." Ashe a lokacin mutane ne a kansa.

Da Majo ya gama ba ni labari yau, na tambaye shi wa zai karanta mana hoto. Ya ce an ce za a haɗa mu da wani likita a Yamai, amma sai an shirya. Ko da an shirya yau, na san Nasiru ba zai ji maganar wanda bai sani ba.

Na wanke fuska, na ɗauki tablet, na tafi shagonsa.

Yana ganina ya ce, "Tsoho ya amsa?"

Na ce, "Malam Nasiru, tsoho ya rasu da asuba."

Yana auna wa wata yarinya sukari, ya ajiye gwangwanin. Ya yi salati, ya zauna a bencin nan. Ni ma a nan ne kukan ya zo mini, a bakin kasuwa, gaban mutane, ban iya tare shi ba.

Da na samu murya na nuna masa hoton. Na ce ga kan ɗa, ga hanya, ga abin da ya tare ta. Na ce, "Dakta bai gani ba, kuma ba zai gani ba. Ni na gani. A kai ta Dutsi yau."

Ya ce innarsa ta ce a bar ta ta haihu a ɗakinta, in an kai ta can yanka ta za a yi. Na ce wataƙila a yi mata fiɗa, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Madam, in kin yi kuskure fa?"

Na ce, "In na yi kuskure, kun sha wahalar hanya, ka dawo ka zage ni a gaban kowa, na yarda. In ban yi ba fa?"

Ya kalli tablet ɗin, ya kalle ni. Ya ce, "Shi ya koya miki?" Na ce shi ne. Ya tashi ya fara jawo ƙofar shago.

Mun samu mota, na sa mata ƙarin ruwa, na shimfiɗa mata katifa a baya, ƙanwarta ta shiga ta riƙe ledar ruwan. Na kira asibitin Dutsi na ce suna tafe. Na so in bi su, wallahi na so. Amma Majo ba ya nan, kuma akwai wata a ɗakin haihuwa tare da Inna Kande, ba zan iya barin ta ba.

Motar da ta ɗauki Hadiza garin da za a rufe Dakta ta nufa, ni ina tsaye a bakin hanya.

Kafin su tashi Nasiru ya leƙo ta taga ya ce, "In na danƙa ta hannun likitoci, zan nemi gidan tsoho. In na iske ba a yi sallar ba, zan tsaya sahu. Mi zan ce ma iyalinshi, wa ya aiko ni?"

Ban san matarsa ba, ban san ƴaƴansa ba, ban san ko ƙofar gidansa gabas take kallo ko yamma ba. Su ma ban jin sun taɓa jin sunana. Mutumin da ya fi kowa sanin halin da nake ciki a ƙasar nan, ga shi ba ni da ko tabarmar da zan zauna a karɓi gaisuwata.

Na ce, "Ka ce wata ungozoma ce daga ƙauye."

Yanzu ina zaune a baranda ina rubuta wannan, tsakanin leƙa mai naƙuda da leƙa waya. Kaɗaici na sani tun zuwana garin nan, amma irin na yau ban taɓa ji ba. Su Nasiru ba su kira ba tukuna, hanyar kuma ruwan bana ya cinye ta.

Ya Allah, ga bawanKa Garba ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Duk macen da ta tashi daga gadon haihuwa da ranta ta dalilinsa, Ka sa a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce da "Allah Ya jiƙansa" na yatsa kawai. Ku ɗaga hannu ku roƙa masa da gaske, ko a sujadar azahar ɗin nan ce. Kuma ku haɗa da Hadiza da abin da ke cikinta, suna kan hanya yanzu. Allah Ya kai su kafin jinin ya dawo.